Rarraba Aikin Sarrafa Sauti ta Hanyar Zagaye

Rarraba aikin sauti ta hanyar zagaye dabara ce ta raba nauyin lissafin sauti tsakanin cibiyoyin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato sassan da kowannensu ke yin lissafi da kansa. Wasu manhajoji, irin su Pure Data ta Miller Puckette, suna ɗora lissafin duka a kan cibiya guda, saboda haka akan buɗe manhajar sau biyu domin kowace ta yi aiki a kan cibiya daban, ta farko ta tura sautin ta cikin JACK, manhajar da ke sada manhajojin sauti, ta biyu ta sarrafa shi ta mayar. Illar dabarar ita ce jinkiri, domin kowane zagaye yana ƙara jinkiri na tsawon ƙunshi guda, wato tarin samfuran sauti da ake sarrafawa tare, kuma ƙunshi mai samfura 256, idan ana ɗaukar samfura 48,000 a daƙiƙa, yana cin kimanin milisakan 5.3.