Zaren Gareji da Allon Kwamfuta

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shafe shekaru yana jan Fijo 504 ta haya tsakanin Kano da Kaduna, kuma a hannunsa na fara ganin yadda ake karanta taya. Kowace safiya yakan durƙusa ya shafa tafin hannunsa a kan tayoyin gaba, daga ciki zuwa waje, sannan ya dawo da shi. Idan ya ji santsi a tafiya, kaifi a dawowa, sai ya miƙe ya kaɗe hannu ya ce, "Yau sai gareji." A garejin akwai wani dattijon bakanike da ba shi da na'ura ko ɗaya. Zare yake ɗaurewa ya miƙa shi daga tayar baya zuwa ta gaba, ya tsuguna ya rufe ido ɗaya, sannan ya shige ƙarƙashin mota da sifana. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin dabarar mai ƙaramin ƙarfi. Sai da na bi tarihin abin na gane cewa lissafin da dattijon yake yi da zare ya girmi motar kanta.

A kekunan doki na Turai, gatarin gaba gaba ɗayansa ne yake juyawa a kan ƙusa guda da ke tsakiya, abin da kan sa keke ya nemi kifewa a kwana mai tsanani. Wani maƙerin kekunan doki a birnin Munik na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya fito da tsarin da kowace ƙafar gaba za ta juya a kan madogararta, ta ciki ta fi ta waje lanƙwasa, tun da da'irar da take bi ta fi ƙanƙanta. Wakilinsa a Landan, Rudolph Ackermann, ya yi wa tsarin rajista a Ingila a 1818, kuma har yau da sunan wakilin ake kiransa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Matsalar ba ƙarama ba ce. Motar farko ta Karl Benz, ta 1886, ƙafa uku gare ta, domin bai gamsu da yadda zai sarrafa ƙafa biyu a gaba ba, kuma sai a 1893 ya shawo kan abin ya fitar da mai ƙafa huɗu.

Daga ranar da kowace ƙafa ta samu madogararta, sai aka haifi tambayar da ake biyan kuɗi a kanta a gareji har gobe: yaya ya kamata ƙafar ta tsaya? Kusurwa uku ake dubawa. Kamba ita ce karkatar taya idan an kalle ta daga gaba. Idan samanta ya shige ciki da yawa sai motar ta tsaya kamar gwame, gefen ciki ya cinye. Kasta ita ce jinginar madogarar zuwa baya, irin ta ƙafar gaban keke, kuma ita ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Ta ukun, wadda ake kira to, ita ce ko tayoyin biyu suna kallon juna ko suna kawar da kai, kuma ita ce babbar mai cin taya. Na taɓa zama na yi lissafinta. Tayar da ta kauce da digiri 1 tak ana jan ta a kaikaice kimanin mita 17 a kowace kilomita. A tafiyar Kano zuwa Kaduna, wajen kilomita 230, kusan kilomita 4 ke nan tana gogar kwalta kamar buhun da ake ja a ƙasa. Wannan gugar ce tafin mahaifina yake ji.

Aikin ya zama sana'a mai zaman kanta a Amurka. Tun a shekarun 1920 kamfanin Bear na garin Rock Island yake ƙera ma'aunan saita ƙafa. A 1934 General Motors ya fitar da motocin da kowace ƙafar gaba ke hawa da sauka ita kaɗai, mahaɗai suka yawaita, wuraren kaucewa ma suka yawaita. Lee Hunter ya kafa nasa kamfanin a 1946, aka tashi daga sanda da ma'aunin ruwa zuwa haske da madubi, sannan a shekarun 1990 aka kai ga kyamarori masu kallon alluna da aka maƙala wa tayoyi huɗu.

A nan gida kuwa zare ya daɗe yana sarauta, kuma da dalili. Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna a 1975, mota ce mai sauƙin hali. A gabanta kusan to kaɗai ake juyawa da sifana, kuma irinta ce ta cika tasha, har bakanike ya haddace ma'auninta kamar karatun allo. Bayan karyewar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta gagari mai albashi, 'yan Kwatano suka kwararo iri-iri, yawancinsu masu ja da ƙafar gaba, wasu ma har ƙafafun bayansu ana saitawa, kowace da nata ma'aunin. Hadda ta daina isa. Da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, taya ta koma kayan ƙetare, cin gefenta ya zama asarar da ake ji a aljihu. A wannan tsakanin ne alluna masu shelar alaimen na kwamfuta suka bazu a bakin titunanmu.

Ni ma allon ya ja ni. Da na sayi tawa motar, na sa mata sababbin tayoyi biyu, na kai ta wani gareji mai fenti da kyalli. Yaron da ke aikin bai auna iska ba, bai girgiza ƙafa ko ɗaya ba. Ya maƙala alluna, ya zaɓi wata mota a kwamfuta wadda ban tabbata tawa ba ce, ya juya tayarod na gefe guda har jan da ke allo ya koma kore, ya karɓi kuɗi. Duk abin bai kai minti goma ba. Na fito sitiyari a karkace, na ce wa kaina sabo ne. Wata biyu bayan haka na durƙusa na shafa tayar dama, na ji kaifin nan da na sani tun ina yaro.

Dattijon mahaifina ya riga mu gidan gaskiya, amma yaronsa na da yana nan a garejin, shi ma furfura ta cika masa gemu. Ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar da hannu biyu, dama da hagu, ya girgiza. Muka ji ƙwas.

"Ka ji ko, ɗana? Tayarod ya mutu, bushin ma ya tafi. Ƙafar da ke rawa ba ta riƙe saiti. Kore ya gani a tsaye, kana hawa titi ta koma inda take so."

Na ce, "To Baba, ka canza, ka ɗaura mata zare kawai."

Ya yi dariya. "Zan canza. Amma zarena ba ya ganin ƙafafun bayan irin wannan. Ka koma wurin masu kwamfuta, sai dai kada ka zauna a benci."

Ya lissafa mini abin da zan tsaya a kai, na kuwa tsaya. Na sa aka daidaita iskar tayoyi huɗu tukuna. Na duba da idona cewa sunan motata da shekararta ne a allo. Aka gangara da ita gaba da baya don na'urar ta cire karkatar rim daga lissafi, aka miƙar da sitiyari aka ɗaure shi, aka danne birki, aka fara da ƙafafun baya, domin su ke nuna inda jikin mota ya dosa, sannan aka juya tayarod na dama da na hagu, kowanne gwargwadon buƙatarsa. Na nemi takardar ma'aunin kafin aiki da ta bayansa. Mai garejin, wani dabam ba na farko ba, ya dube ni ya tambaya ko ni bakanike ne. Na ce a'a, ɗan direba ne.

Aikin ya ci kusan awa guda. Da na hau titin Zariya na sassauta hannu a kan sitiyari daidai wani miƙaƙƙen wuri, motar ta tafi sak. Tayar da ta cinye kuwa ba ta gyaruwa. Tana bayan but a matsayin safaya, kuma gefenta na ciki sumul yake kamar tafin hannu.