Tarihin Kuɗaɗen da Ake Ɗorawa a Kan Bil ɗin Wuta

Mu mazauna Suleja, jiharmu ta Neja ce ke ɗauke da dam na Kainji, wanda aka gama a 1968, da na Shiroro na 1990. Duk da haka mun daɗe muna biyan kuɗin da ba na wutar da muka sha ba.

A 1972 aka haɗe hukumar ECN da hukumar madatsun ruwa ta Neja, aka haifi NEPA. A zamanin nan ita ce mai kiɗa, ita ce mai rawa. Abin da ta rubuta a bil shi ke nan, babu wurin kai ƙara. Sai a 2005 aka yi dokar gyaran harkar lantarki, aka kafa NERC don ta tsaya tsakanin mai sayarwa da mai saye.

A 2011 NERC ta soke kuɗin kula da mita. Ba a jima ba, a 2012, aka ƙara tsayayyen kuɗi na wata-wata zuwa ɗaruruwan naira, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Tela da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara sun ji jiki. Bayan an sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, Suleja ta faɗa hannun AEDC, koke ya yawaita a faɗin ƙasa har majalisar dattawa ta sa baki. Ranar 1 ga Fabrairu, 2016, aka soke wannan kuɗi.

Saura bil na kintace ga marasa mita. A Fabrairun 2020 NERC ta yanka masa iyaka, a 2024 kuma ta ci tarar kamfanoni goma sha ɗaya kimanin naira biliyan 10.5 saboda sun ƙetare ta. A 2025 aka miƙa sa ido kan wutar jiharmu ga hukumar Jihar Neja.

To jama'a, duk kuɗin da aka soke, sai da mutane suka kai kuka a rubuce. Sayen taransifoma da turaku ma, a ƙa'idar NERC, nauyin kamfani ne. Saboda haka mu adana bil da rasit, kada mu ba kowa kuɗi hannu da hannu, kuma kafin mu yi karo-karo a unguwa mu fara rubuta takarda da sunan ƙungiya.