Tarihin Zanen Fure a Ɗakin Amarya a Daura

A ƙasar Holan, tun ƙarni na 17, masu zane sun shahara da suranta furanni a cikin tulu. Daga cikinsu akwai Rachel Ruysch (1664–1750). A wurinsu furen da ya soma yaushi wa'azi ne, watau duniya ba matabbata ba ce.

A Daura kuwa al'amarin ya bi wata hanya dabam. Adon da magina suka gada shi ne dagi da ire-irensa a jikin soro da zaure, mata kuma suna jeren ƙorai. Zanen fure bai sami gindin zama ba sai zamanin Sarkin Daura Abdurrahman (1911–1966), sa'ad da kwanonin kanti masu fenti, irin su langa da fanteka, suka riƙa shigowa. Bai gamu da ƙyama ba, domin surar mai rai malamai suke hanawa, ban da itace da fure.

Nan ma'anar ta juya. Furen langa ba ya yaushi. A jeren amarya shaida ne na gatanta da wadatar iyayenta. Waɗanda suka yi hasara su ne masu zanen ƙwarya, don kuwa kasuwarsu ta ja da baya.