Yadda Gishiri Ya Kori Maƙoƙo

Mu da muka fara aikin lafiya a ƙasar Batsari da Safana tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, maƙoƙo ba baƙonmu ba ne. Mace takan zo ɗakin shan magani da gyale naɗe a wuya, wanzami ya riga ya yi mata tsaga, kumburin kuwa yana nan daram. Ban da lallashi, abin da muke da shi kaɗan ne.

Dalilin ciwon ba ɓoyayye ba ne. A gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tairod, nauyinta wajen giram 20. Ita ke haɗa wani sinadari, homon, ta zuba shi cikin jini, shi kuma ya daidaita ɗumin jiki da bugun zuciya da yadda abinci ke zama ƙarfi. Ba ta iya wannan aiki sai da aidin. In aidin ya yi ƙaranci, wata 'yar tsokar da ke ƙasan ƙwaƙwalwa sai ta yi ta aiko mata da nata homon ɗin tana matsa mata ta ƙara himma, har ta kumbura. Babba na buƙatar maikrogiram 150 a rana, mai ciki 250. Duk aidin ɗin da mutum zai ci a rayuwarsa bai wuce ƙaramin cokali ba.

Mu kuma nesa muke da teku, ƙasarmu ba ta da wadatar aidin. Ga gero, ga rogon da Batsari ta yi suna da shi, dukkansu suna ɗauke da abubuwan da ke rage wa tairod amfani da ɗan aidin ɗin da ta samu. Ban ce a bar su ba, abincinmu ne, kuma in aidin ya wadata ba sa cutarwa.

Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924. Mu sai da muka jira shekara 70. Bayan taron shugabannin duniya kan yara a birnin New York a 1990, binciken ƙasa na 1993 ya nuna mutum ɗaya cikin biyar a Najeriya na da maƙoƙo, gwamnati ta wajabta sanya aidin a gishirin ci. Da Dora Akunyili ta karɓi NAFDAC a 2001, aka tsananta sa ido. A 2005 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta cimma burin sanya aidin a gishirin ci.

A ganina, a gaban mai awon gishiri aka ci wannan yaƙi. Wata 'yar kwalba aka raba mana. A ɗiga ruwanta kan gishiri, in ya yi shuɗi akwai aidin, in ya tsaya fari babu. Ranar kasuwa mu bi rumfuna da duba-gari, a makarantu kuma kowane yaro ya zo da ɗan ƙullin gishirin gidansu. 'Yan kasuwa sun fara da ɗari-ɗari, daga baya su da kansu ke cewa, "Malam, zo ka gwada nawa."

Abin da ya fi damuna ba wuyan uwa ba ne, ɗan da ke cikinta ne. Homon ɗinta ke gina ƙwaƙwalwarsa tun watannin farko, kuma abin da ya rasa a lokacin ba ya dawowa. Yaron ya taso da nauyin fahimta, a yi ta ce masa daƙiƙi.

Yau rashin tsaro a gefen Dajin Rugu ya hana ma'aikata shiga ƙauyuka da yawa, tsada kuma na tura wasu gidaje ga gishirin dabbobi, wanda ba lallai ne yana da aidin ba. 'Yan'uwana ma'aikata, a dawo da gwajin nan ranar awon ciki. Iyaye mata, ku sayi gishirin leda mai alamar aidin, ku rufe shi, ku nisanta shi da rana da laima.