Littattafan Tarihi da na Sanin Halitta a Makarantun Arewa, 1929 zuwa 1959

In ana zancen farkon rubutun boko na Hausa, galibi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da sauran littattafan gasar 1933 ake fara ambatawa. Amma fa ƙagaggen labari ba shi ne aka fara bugawa domin yara ba. Abin da ya riga shi, shi ne littafin da ke faɗin abin da ya auku da gaske, watau tarihi da labarin mutane da sanin halitta, kuma shi ne masu bincike suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Dalilin samuwarsa a fili yake. Tun da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, aka rasa abin da za a ba yara su karanta da boko. Saboda haka aka kafa Hukumar Fassara a 1929. Babban aikinta shi ne Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu, inda aka juya tarihin sarakunan Kano da waɗansu rubuce-rubucen malamai daga Larabci zuwa Hausa. Da wannan ne tarihin da a dā sai a zauren malami ake jinsa ya shiga hannun ɗan makarantar midil.

A 1933 hukumar ta zama Hukumar Talifi a Zariya, a hannun R. M. East. Shi da Malam Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah, wanda ke bayanin sama da ƙasa da dabbobi da tsire-tsire. Sunan kansa hikima ne, domin iyaye da yawa suna ƙyamar boko, sai aka nuna musu ilmin kimiyya a matsayin duban ikon Mahalicci. Ta fuskar harshe kuwa aikin ya fi fassara wuya. Marubutan sun tarar Hausa ba ta da kalma tsayayya ga abubuwa da dama, tilas su aro daga Larabci ko Turanci, ko kuwa su yi bayani da misalin abin da yaro ya saba gani a gona da gida.

Imam ya buɗe wata ƙofa da Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944, labarin zuwansa Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma. A nan Bahaushe ne ke kallon Bature yana ba da labarinsa. Daga baya ya rubuta Sayyidina Abubakar da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga littattafai masu araha kafin a rufe ta a 1959. Cikinsu akwai Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, da Zuwan Turawa Nijeriya ta Arewa na Abdulmalik Mani a 1957, da Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji a 1958. 'Yan ƙasa ne suka rubuta su.

Sai dai akwai giɓi. Mafi yawan waɗanda aka ba da labarinsu sarakuna ne da mayaƙa da manyan malamai. Manomi da maƙeri da falke ba su sami wuri ba, mata kuwa sai jefi-jefi, alhali ƙasar ta haifi irin su Nana Asma'u 'yar Shehu. Yaron da bai ga irin ubansa a littafi ba, da sauƙi ya ɗauka tarihi na masu rawani ne kaɗai. Ya kamata malamin kwalejin horon malamai ya koma ga littattafan nan, ya nuna wa ɗalibansa abin da suka ƙunsa, sa'an nan ya sa su tattara labarin masu sana'a da mata na garuruwansu, tun tsofaffin da suka san shi suna da rai.