Tarihin Rayuwar Marigayi Alhaji Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama

Gabatarwa

A cikin jerin tarihin mutanen da suka yi wa harshen Hausa da al'adunsa hidima, mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin marigayi Alhaji Usman Baba Pategi, wanda duniya ta fi sani da Samanja Mazan Fama. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 zuwa 1980 a ƙasar Roni, Kazaure, Gwiwa ko Babura, da wuya a ce bai taɓa jin wannan suna ba, domin a wancan zamani, tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Rediyon Kaduna ita ce abokiyar hirar manomi da ɗan kasuwa da matan aure a cikin gida. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a adana shi ne, shi ba Bahaushe ba ne ta wajen haihuwa, amma da Hausa ya yi suna, da ita kuma ya kusanto da soja ga farar hula a lokacin da tsoro ya shiga tsakaninsu.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Usman Baba ranar 20 ga Mayu, 1942, a garin Pategi, wanda a yau yake cikin Jihar Kwara, a lokacin kuwa yana cikin Lardin Ilori na Jihar Arewa. Pategi gari ne na Nufawa a bakin Kogin Kwara, kusa da inda Kogin Kaduna ya haɗu da shi, kuma ya shahara da bikin tseren jiragen ruwa. Marigayin ɗan gidan sarauta ne, domin mahaifinsa shi ne Etsu Usman Patako, Sarkin Pategi.

Ya yi karatun firamare a garinsu, sannan ya wuce makarantar midil ta Ilori. Daga nan ya tafi Kaduna, hedikwatar Jihar Arewa, ya zauna a wurin wani ɗan'uwan iyayensa. Ya fara neman abinci a Ma'aikatar Ayyuka, a ɗakin ajiyar kayan gyaran injuna, kafin ya samu aiki a gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa, wanda aka buɗe a Kaduna a 1962. Duk da kasancewarsa ɗan sarki, bai mayar da hankali ga neman gadon gidansu ba. Ya bar wa 'yan'uwansa wannan fage, shi kuwa ya bi abin da zuciyarsa ta fi kwanta da shi.

Shigarsa Aikin Soja

Yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke a watan Yuli na 1967, bai kuma ƙare ba sai a watan Janairu na 1970. A cikin waɗannan shekaru aka yi ta ɗiban samari daga kowane sashe na ƙasa, har yawan sojojin Nijeriya ya tashi daga wajen 10,000 zuwa kimanin 250,000. Usman Baba yana cikin waɗanda suka amsa kira. Ya ajiye aikin gidan rediyo ya sa kaki, aka kuma horar da shi a makarantar koyon aikin sadarwa ta soja da ke Apapa a Legas.

Zaman bariki shi ne ya zame masa makaranta ta biyu. A can ya ga yadda kurtu yake rawar jiki a gaban kofur, kofur a gaban saje, saje kuma a gaban samanja. Ya ga yadda matan sojoji daga ƙabilu daban-daban suke zaman haya ɗaya, da rigingimun bashi da na albashi da na maƙwabtaka. Shi samanja, wato babba a cikin sojojin da ba hafsoshi ba, shi ne ke tsaye tsakanin manya da ƙanana: shi ke kula da fareti da horo da tsabtar bariki, shi ke kai kukan ƙanana sama, shi kuma ke sauko da umurnin manya ƙasa. Wannan matsayi na tsaka-tsaki shi marigayin ya ɗauka ya gina wasansa a kai.

Wasan Samanja Mazan Fama

A farkon shekarun 1970 aka fara gabatar da wasan Samanja a Kaduna, aka riƙa jin sa a rediyo ana kuma kallon sa a talabijin. Da aka kafa Hukumar Talabijin ta Ƙasa, wato NTA, a 1977, da kuma Hukumar Rediyon Tarayya a 1978, gidajen biyu na Kaduna suka koma hannun Gwamnatin Tarayya, wasan kuwa ya ci gaba. Daga baya, a shekarun 1980, aka ɗora shi a kan shirye-shiryen da ake watsawa ga ƙasa baki ɗaya, inda aka ƙara yawan Turancin buroka a cikinsa domin waɗanda ba sa jin Hausa su amfana. Marigayin bai tsaya ga fitowa kawai ba. Yana tsara labari, yana kuma ba da umurni. Haka nan ya sha fitowa a kan dandamali a wuraren taruka.

Babban abin da ya bambanta wasan da sauran shi ne harshensa. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka Hausa ce harshen bariki, har aka samu wani nau'inta da masana ke kira Barikanci. A cikinsa ba a cika bambanta namiji da mace ba, sai ka ji an ce yarinya ya zo. Ba a furta ƙ da ɗ da ɓ yadda Bahaushe ke furta su. Ana kuma cusa kalmomin Turanci a tsakiyar zance. A da, abin raini ne a wurin masu ganin sun iya Hausa. Samanja ya ɗauki wannan harshe ya sa shi a bakin mutum mai iko, mai tsawa da saurin fushi, amma mai tausayi da son gaskiya. Bahaushe ya yi dariyar yadda ake karya masa harshe, wanda ba Bahaushe ba kuma ya ji muryarsa a gidan rediyo.

Ya kamata mu tuna cewa sojoji ne suka mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. A irin wannan yanayi, ba ƙaramin abu ba ne talaka ya zauna a ƙofar gidansa yana dariyar soja ba tare da fargaba ba. Wasan ya nuna wa jama'a cewa mai kaki ma yana da iyali da bashi da kuskure, ya kuma tunatar da sojoji cewa horo da ladabi su ne adon aikinsu, cin zali kuwa abin kunya ne.

Matsayinsa a Tarihin Wasan Kwaikwayon Hausa

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muna da tashe a watan azumi, da wasan gauta, da 'yan kama, tun kafin zuwan boko. Bayan haka aka samu rubutattun wasanni irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Samanja yana cikin rukunin da suka ɗauko wannan gado suka shigar da shi akwatin rediyo da na talabijin, tare da irin su Ƙasimu Yero na wasan Karambana, wanda ya rasu a 2017, da Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, da Ƙarƙuzu na Bodara a Jos.

Waɗannan bayin Allah su ne suka share fagen da finafinan Hausa suka taso a kai. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, ta tarar da jama'ar da suka riga suka saba da kallon wasa da harshensu. Masu barkwancin da suka biyo baya, har da marigayi Rabilu Musa Ibro wanda ya rasu a 2014, sun gaji wannan hanya ta riƙe suna ɗaya da hali ɗaya har ya danne sunan yanka.

Rasuwarsa

Alhaji Usman Baba Pategi ya yi fama da rashin lafiya a ƙarshen rayuwarsa. Allah Ya yi masa rasuwa a Kaduna ranar Lahadi, 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81, aka kuma yi jana'izarsa a can kamar yadda addinin Musulunci ya tanada.

Kammalawa

Yawancin wasannin wancan zamani a kan kaset aka ɗauke su, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura da tsawon shekaru. Abin da matasanmu ke gani a yau a intanet guntaye ne kawai. Don haka muna kira ga gidajen rediyo da talabijin, da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu da kwalejojinmu, da duk wanda ke da tsohon kaset a ajiye a gida, da a haɗa hannu a mayar da su cikin kwamfuta tun kafin su lalace. Allah Ya jiƙan Samanja Mazan Fama, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.