Tengboche, Gidan Ibadar da Aka Gina Sau Uku

A yankin Khumbu na arewa maso gabashin Nefal, inda kogin Imja yake haɗuwa da Dudh Kosi, akwai wani tudu mai tsawon mita 3,867 da itatuwa suka kewaye. A kansa gidan ibadar Tengboche yake zaune. Duk wanda ya tsaya a farfajiyarsa da sassafe zai ga dutsen Ama Dablam dab da shi, can baya kuma ƙolin Everest na leƙowa ta kan Nuptse.

Kakannin 'yan Sherpa, mazauna wannan yanki, sun ƙauro daga gabashin Tibet kimanin shekara 500 da suka wuce, da addininsu na Buddha. Suna da ɗakunan ibada a ƙauyuka, da malamai masu aure masu gonaki, amma ba su da gidan sufaye waɗanda suka rabu da aure da dukiya. Sai a 1916 Lama Gulu ya kafa Tengboche, bisa shawarar Ngawang Tenzin Norbu na gidan ibadar Rongbuk da ke bayan Everest ta ɓangaren Tibet. Attajiran Sherpa uku ne suka zuba kuɗi, talakawa suka ɗauko duwatsu da katako a bayansu. Fataucin gishiri ta mashigar Nangpa La da noman dankalin turawa sun riga sun kawo wa yankin rufin asiri, shi ya sa aikin ya yiwu.

Girgizar ƙasa ta 1934 ta rushe ginin, Lama Gulu kuma bai daɗe ba ya rasu. Mutane suka sake tashi suka gina.

Asarar da ta fi ciwo ta zo ne a watan Janairun 1989, ba da jimawa ba bayan an jawo wa wurin wutar lantarki. Waya ta haɗu, gobara ta tashi, ta cinye tsofaffin littattafai da zane-zanen bango da sassaƙe-sassaƙen katako. Bango ana iya sake ginawa, amma waɗannan sun tafi ke nan, abin da ban takaici ƙwarai. Edmund Hillary, wanda ayarinsu ya yada zango a nan a 1953 kafin hawan Everest, ya shiga gaba wajen tara taimako, aka buɗe sabon gini a 1993.

Yau masu hawan dutse kan tsaya neman albarka a nan kafin su wuce. Da kaka kuma ana bikin Mani Rimdu, sufaye su sanya fuskokin ado masu launi su yi rawa a farfajiya, 'yan Sherpa daga Namche da Khumjung su taso a ƙafa su cika wurin maƙil.